Ajiye Rolar Nan, Kada Ki Sake Huda Fuskarki

'Yar'uwa, idan akwai rola mai allurai a gaban madubinki, kada ki taɓa ta yau da dare. Ajiye ta. Idan kin yi oda tana hanya, ta zo ki bar ta a kwalinta. Idan ƙawarki ta ce za ta ara miki tata, ki ce kin gode, ba kya so.

Kin san abin da nake nufi. Ɗan ƙaramin abu ne mai mariƙi kamar na reza. A bakinsa akwai 'yar taya, jikinta allurai ne sirara reras, wata 192, wata har 540. Damarola ake ce mata. Akwai kuma mai kama da biro, wadda ake yi wa caji, ita da kanta take caccakar fata. Ana tallarsu a TikTok da Instagram, ana tura hotunansu a guruf-guruf na WhatsApp. Mai talla za ta ce miki man da kike shafawa a sama yake tsayawa, kuɗinki kawai kike zubarwa. Za ta ce ki mirgina rolar a goshi da kumatu, hanya ta buɗe, mai ya ratsa ciki sosai, tamoji ya baje, tabo ya ɓace, ki koma 'yar shekara ashirin.

Rabin maganarta gaskiya ne. Man zai shiga. To, wane mai? Me ke cikinsa? Wa ya haɗa shi? A ina? Idan ya shiga, ta yaya za ki fitar da shi?

Allah bai yi fata don ado kaɗai ba. A can samanta akwai wani siririn rufi wanda kaurinsa bai wuce milimita 0.02 ba, bai kai ko kaurin gashin kai ba. Wannan ɗan rufin shi ke hana ruwan jikinki tsiyayewa. Shi ke hana ƙwayoyin cuta da guba shiga. A ƙarƙashinsa akwai sauran fatar sama, wadda a fuska kaurinta wajen milimita 0.1 ne. Daga nan sai fatar ciki, inda jijiyoyin jini suke. Yanzu duba kwalin rolarki. Tsawon allurar nawa aka rubuta? Wata 0.25 ce. Wata 0.5. Wata 1.5, wata har 2.5, kuma duk ana sayar wa duk wanda ya miƙa kuɗi. Idan kina mirginawa kika ga ɗigo-ɗigon jini, kin wuce duk wani shamaki. Kin kai ga hanyar jini. Wanda ya fasa katangar gidansa don baƙo ya shigo da sauri, ya sani ɓarawo ma ta nan zai biyo. Hujin allura ba ya tantance mai shiga.

A shekarar 2000 wasu masana biyu a birnin Amstadam suka fitar da wata ƙa'ida da likitocin fata ke aiki da ita har yau. Girman ƙwayar sinadari da dalton ake auna shi. Suka ce abin da ya haura dalton 500 da wuya ya ratsa lafiyayyar fata. Kolajin da ake yi miki talla ya kai wajen 300,000, shi ya sa yake tsayawa a sama. Amma haidirokwinon na man bilicin 110 ne kacal. Kilobetasol, sitiroid ɗin nan mai ƙarfi da ake matsawa cikin haɗi, bai kai 500 ba. Kin gane? Masu cutarwar ba su jira rola ba, dama can suna shiga. Rolar ƙara musu ƙofa kawai take yi, ƙofa dubu a dare ɗaya.

Kuma me muke shafawa? Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa fitar da ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da man ƙara hasken fata. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar. Gana ta hana kayan shafa masu haidirokwinon tun 2016, Kwaddibuwa tun 2015. Amma je ki kasuwa ki gani. Roba ce fara, babu suna, babu lamba, babu ranar lalacewa. An zuba mai kala uku, an matsa tub biyu, an ɗiga wani ruwa daga 'yar kwalba, an juya da cokali, an liƙa takarda an rubuta “oganik”. Ita mai haɗin ma ba ta san adadin abin da ta zuba ba. Wannan za ki tura cikin jininki? Wannan?

Ki ji abin da ya faru da wata mata 'yar shekara 47 a Kalifoniya ta Amurka a 2019. Shekara bakwai tana shafa wani man fuska da ake kawo mata daga Meksiko, safe da dare. Ta fara jin hannuwanta suna dindiris, ba ƙarfi. Cikin 'yan makonni harshenta ya karye, ganinta ya dushe, tafiya ta gagara. Da aka auna man, sai aka sami sinadarin makuri ya ninka abin da doka ta yarda sau 12,000. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton cewa matar ta kai ba ta magana, ba ta iya yi wa kanta komai, sai ta tiyo ake ba ta abinci. Ita ba ta huda fuskarta ba. Shafawa kawai take yi. To ina ga wadda ta huda sannan ta shafa?

Makuri ba ya tsayawa a fuska. Ƙoda yake nufa, da ƙwaƙwalwa. Yana bin mahaifa ya kai ga ɗan da ke ciki. Yana bin nono ya kai ga jariri. Yana maƙalewa a tawul da zanin gado, mijinki da 'ya'yanki su samu rabonsu ba su shafa komai ba. Hannunki na rawa? Kina yawan mantuwa? Fushi na zo miki ba dalili? Fitsarinki na kumfa? Kina tashi da safe fuska da ƙafa a kumbure? Kada ki ce sammu ne. Kada ki ce gajiya ce. Ɗauki robar man, tafi asibiti, nuna wa likita.

Wata za ta ce ita ba ta bilicin. Nata mai tsada ne, daga waje aka kawo, bitamin C ne zalla. Madalla. Amma an yi shi ne don saman fata. A cikinsa akwai turare, akwai sinadarin hana lalacewa, akwai abin ƙara kauri, wani akwai kala. Ba a tace shi daga ƙwayoyin cuta kamar yadda ake tace ruwan allura ba. Idan waɗannan abubuwa suka faɗa cikin fatar ciki, jiki na iya ɗaukarsu a matsayin abokan gaba, ya kewaye su, ya dunƙule. A 2014 likitoci a jihar Yuta ta Amurka suka wallafa labarin mata uku da aka yi wa wannan caccaka aka shafa musu mai. Biyu daga cikinsu ruwan bitamin C ne aka shafa musu. Fuskokinsu suka fito da jajayen kulu-kulai masu tauri, waɗanda suka ɗauki watanni ana fama. A wurin gyaran jiki aka yi musu, ba a ɗaki ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, sai a 2018 ta fara amincewa da na'urar caccaka ta farko, kuma ta faɗa ƙarara cewa ba ta amince a yi amfani da waɗannan allurai don tura man shafawa, ko bitamin, ko magani cikin fata ba. Abin da ake sayar miki da rolar dominsa ke nan. Shi ne kuma abin da ba a amince da shi ba.

Yanzu ɗauko rolar taki. Kai ta bakin taga, ki kalle ta da kyau. Kin ga ɗan baƙi-baƙin nan a gindin alluran? Busasshen jini ne da matacciyar fata. Kin ga waɗanda suka ɗan lanƙwashe? Waɗannan ba huda suke yi ba, yaga suke yi. Allura mai sirantar nan ba ta daɗewa take dakushewa. A asibiti, kan allura sau ɗaya ake amfani da shi a jefar. Ke kuwa kin ɗauraye da ruwan zafi, kin fesa turare ko sifirit, kin mayar cikin 'yar robarta da danshi, kin rufe, kin ajiye a banɗaki. Sati ya zagayo kin sake ɗaukowa. Me kike tsammani ya tsiro a ciki?

Idan kina da ƙurajen fuska masu ruwa, rolar za ta fasa su, ta kwashi mugunyar, ta shuka miki ita daga goshi har haɓa. Idan kina da ƙurjin zazzaɓi a gefen baki, haka. Idan makero ne, haka.

Babban abin tsoron shi ne aro. Wa da wa suka yi amfani da ita? Ke da ƙanwarki? Ke da kishiyarki? 'Yan ɗakinku a makaranta? Ku tuna da gidajen gyaran amare. Lokacin biki ya zo, amare sun yi layi, an yi wa wannan dilka, an yi wa waccan halawa. Idan aka ƙara da rola, guda nawa mai gyaran take da su? Sabuwa take buɗe wa kowace amarya a gabanta? Ko daga kofi take tsamo ta, ta yarfe, ta ce “matso”? Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini har kwana bakwai, ko fiye. Ba sai an ga jinin da ido ba. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. Kusan mutum ɗaya ke nan cikin goma sha biyu, kuma yawancinsu ba su sani ba. Ciwo ne mai shiru. Sai ya yi shekaru yana cin hanta kafin ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa.

Kada ki ce ba a taɓa yi ba. A jihar Niyu Meksiko ta Amurka an rufe wani wurin gyaran jiki a 2018. Suna ɗibar jinin mace, su tace, su mayar mata a fuska da irin waɗannan allurai, wai don ta koma yarinya. Masu bincike sun tarar da kwalaben jini babu suna a cikin firjin kicin tare da abinci, da sirinji a buɗe cikin durowa. A 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta sanar cewa alamu sun nuna mata uku a nan suka kamu da HIV. An ɗaure mai wurin shekara uku da rabi. Su kuwa matan, shan magani ne har ƙarshen rayuwa. Mu nan mun daɗe da koyon wannan darasi a wajen aski. Namiji yana tafiya shago da kilifarsa a leda. Uwa tana cewa wanzami ya buɗe sabuwar reza a gabanta. To me ya sa allura 540 za ta zagaya gida babu mai cewa uffan?

Maza, kada ku ɗauka da mata kaɗai nake. Ku ma kun shiga. Ana sayar muku da ita don gemu ya cika, don sanƙo ya rufe. Kuna mirginawa, kuna shafa maganin tsiro da gashi a kan sabon rauni, kuna miƙa wa aboki. Ku daina.

Kuma ba rola ce kaɗai hanyar ba. Akwai man saɓa, mai ruwan ɗorawa da kore, wanda ake cewa ki shafa kwana uku tsohuwar fata ta kwaile. Asid ne. Ƙuna ce ake sayar miki a kwalba. A watan Yulin 2024 FDA ta gargaɗi jama'a kada su sayi masu ƙarfi daga cikin irin waɗannan su yi amfani da su ba tare da likita ba, saboda ƙuna, tabo, ciwo mai ruɓa, da canjin launin fata. Na shafawa a gida, masana sun ce asid irin su gilaikolik kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Naki nawa ne? An rubuta? Akwai biron da ke harba ruwan cika fata da ƙarfin iska, babu allura, don leɓe ya cika. Tun Oktoban 2021 aka yi gargaɗi a kansa, domin ruwan na iya toshe jijiyar jini, naman wurin ya mutu, ko ido ya makance.

Sai kuma leda. Wannan ita ce aka fi rainawa. A shafe jiki da mai, a naɗe da leda, a kwanta, wai don ya kama. Zafi da gumi suna jiƙa rufin fata, abin da aka shafa ya shige ninki-ninki. Masu rola kuma sun ƙara da man kashe zafi, don kada su ji caccakar. A 2007 FDA ta ba da labarin 'yan mata biyu, ɗaya 22 ɗaya 25, da suka shafa irin wannan man a ƙafafunsu suka naɗe da leda kafin a cire musu gashi. Suka kama farfaɗiya, suka suma, suka rasu. Man shafawa ne. Ba su sha ba.

Mu baƙaƙen fata muna da ƙarin dalilin tsoro. Fatarmu idan ta ji rauni, baƙi take yi. Cizon sauro ma tabo yake bari, balle huji dubbai. Ki huda yau da dare, gobe ki fita ranar Kano ko ta Sakkwato, ko iskar hunturu ta buga sabon rauni. Abin da kika je gogewa shi zai dawo, ya fi da duhu. Sai ki ƙara mai. Sai ki ƙara rola. Sai ya ƙara baƙi. Idan kuma a danginku akwai masu tabo mai tudu, irin wanda ke tasowa a kunne bayan huji ya yi ta girma, to ke da allura har abada. Irin wannan tabon ko an yanke shi yakan dawo.

Alamun ai ga su nan, ba sai an je nesa ba. Duba a gidan biki, duba a layin awo. Kumatu jajir kamar an tafasa. Gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, hannu fari. Jijiyoyi kore shar a fili. Nankarwa mai faɗi a damtse da cinya, aikin sitiroid ke nan, kuma ba ta komawa. Baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kan kunci, wanda haidirokwinon ke bari bayan shekaru, likitoci a Afirka ta Kudu sun bayyana shi tun 1975, har yau maganinsa wahala ne. Sitiroid idan ya taru a jiki yana kawo ciwon suga da hawan jini, ya sa fata ta yi sirantar da ɗinki ba ya saurin kamawa bayan tiyata. Duk wannan da shafawa kaɗai aka same shi. Yanzu an ƙaro allura. Me muke jira mu gani?

Ban ce caccakar nan ba ta da amfani ko kaɗan ba. A hannun likitan fata tana taimaka wa masu ramukan ƙuraje. Shi ya san zurfin da ya dace da goshi, ya san na kunci, ya san wadda zai ce wa koma gida ba zan yi miki ba. Allurarsa sabuwa ce. Abin da zai shafa miki a lokacin ya san shi. Wadda ta koya a bidiyon minti ɗaya ba ta san ko ɗaya ba, ko da kuwa mabiyanta sun kai miliyan. Hoton “kafin” da “bayan” da take nunawa, fitila ce da fenti na waya. Kumburin kwana biyu da rola ke sa wa fuska shi ke ɓoye tamoji, ki ɗauka aiki ne.

Kina son fatarki ta jima ba ta yamushe ba? Rana ce babbar mai tsufar da fata. A Ostireliya an bi mutum 903 har shekara huɗu da rabi, aka wallafa sakamakon a 2013. Masu shafa man kariya daga rana kullum, tsufan fatarsu ya yi ƙasa da na sauran da kashi 24 cikin 100. Nemi mai lamba 30 ko sama. Nemi inuwa. Shafa man kaɗanya ko basilin bayan wanka, tun jiki da danshi. Bar taba, bar shisha. Man retinol ma yana aiki, kuma ƙwayarsa ƙarama ce, da kansa yake shiga, ba ya buƙatar huji. Wata uku zuwa shida yake ɗauka. Mai ciki kuma kada ta taɓa shi.

Idan kin riga kin yi, kada ki tsaya jin kunya. Jefar da rolar yau, amma ki sa ta cikin gwangwani ko roba mai murfi, kada yaro ya tsinta a bola. Kada ki shafa komai a wurin sai basilin mai tsabta, kuma ki guji rana. Idan wurin ya yi ja yana faɗaɗa, ya ɗau zafi, yana fitar da ruwa, ko zazzaɓi ya rufe ki, asibiti yau, ba gobe ba. Ciwo a fuska ba ya jira. Idan man saɓa ne ya ƙone ki, zuba ruwa mai tsabta a wurin, ki yi ta zubawa har minti ashirin. Kada ki sa man goge baki. Kada ki sa ƙwai, ko manja, ko toka. Idan kin yi wata da watanni kina shafa haɗi mai sitiroid a jiki duka, kada ki yanke shi dare ɗaya, jiki na iya rikicewa. Likita ne zai janye miki shi sannu a hankali. Asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Shika suna da sashen fata. Tafi da robar man a jakarki, ki faɗi gaskiyar tun yaushe kika fara.

Idan kun taɓa yin aron rola, ko an yi miki a gidan gyaran jiki ba ki ga an buɗe sabuwa ba, je ki yi gwajin ciwon hanta nau'in B da C, da na HIV. Idan abin bai wuce kwana uku ba, ruga yanzu, domin akwai maganin kariya daga HIV da ake farawa cikin awa 72, bayan nan ba ya aiki. Idan gwajin hantar ya nuna ba ki da nau'in B, nemi allurar rigakafinsa.

Iyaye mata, ku buɗe akwatin kayan shafar 'ya'yanku yau. Uwar amarya, kafin ki biya kuɗin gyaran jiki, tambayi me da me za a yi wa yarinyar. Idan an ambaci rola, ko man saɓa, ko naɗewa da leda, ɗauke 'yarki ku tafi. Ke kuma mai sayarwa, sauke tallar nan, ki kira waɗanda kika riga kika sayar wa, ki gaya musu su daina.